Daga kaset zuwa Xender: kiɗan da ya raine mu

'Yan uwa ɗalibai, tun kafin a kafa jami'ar tarayya ta Gashuwa a 2013, kiɗa ya san hanyar garuruwan nan. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, don haka abin da Kano ta saurara ba ya wuce mu. Iyayenmu na da kaset ɗin Shata da Ɗan Maraya, yayyenmu kuwa sai Bob Marley da Michael Jackson, ko Turancin ba sa ji. Daga baya fiyanon fim ɗin Sangaya ya kwashe kasuwa, har teburin mai shayi. Yau a hostel sai tura waƙa ta waya. Kasakasan nan fa zafi na cinye su a akwatunan gidajenmu. Wa ke da rikodar da za ta juya su?