Baƙin hayaƙi a bututun iskar motoci masu turbo: Asalinsa, alamominsa da maganinsa

Tun daga shekarar 1975 da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, direbobi da kanikawan kudancin Kogin Kaduna suka saba da inji irin na 504, wanda ake kwance kafiretonsa a wanke da fetur a gindin bishiya. Motocin da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ke saye a yau, sababbi ko na Kwatano, da yawansu ƙananan injuna ne masu turbo. Wasu masu irin waɗannan motoci a Barnawa, Narayi da Sabon Tasha kan cire akwatin matatar iska na asali, su sa bututun ƙarfe mai buɗaɗɗiyar matata, domin ƙarin ƙarfi da daɗin ƙara. Bayan 'yan watanni sai a tarar da cikin bututun ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, wadda kanikawa ke kira kabon.

Wanke bututun ba ya kawar da matsalar. Baƙin alama ce kawai, kuma akasari daga cikin injin yake fitowa.

Yadda turbo ke aiki

Wani injiniya ɗan ƙasar Switzerland mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana zuƙo iska ta matsa ta cikin injin. Sandar kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin man injin ne ke sanyaya ta tare da hana ta cin jiki. A irin wannan gudu, ƙwayar yashi ma tana iya goge bakin farfela.

Inda baƙin ke fitowa

Hanya ta farko ita ce numfashin injin kansa. Duk lokacin da mai ya ƙone, wani ɓangare na hayaƙin kan sulale ta gefen zobban fistin zuwa ƙasan inji, ya haɗu da tururin baƙin mai. Akwai ƙaramin bawul mai suna PCV da ke mayar da wannan tururi cikin hanyar iska domin ya sake ƙonewa, kuma a motoci masu turbo tiyonsa ɗaya yakan shiga bututun ne gab da bakin turbon. Idan bawul ɗin ya lalace, ko zobban sun ci, man da ke biyowa sai ya yi yawa.

Ta biyu ita ce na'urar EGR, wadda ke komo da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji domin rage iskar guba. An fi samun ta a motocin dizal. Busasshen baƙin da take kawowa idan ya gamu da danshin mai, sai ya zama kamar kwalta, ya riƙa tsuke hanyar iska.

Ta uku kuwa ta shafi buɗaɗɗiyar matata kai tsaye. Akwatin asali yana ɗauko iska daga gaban mota, ita kuwa wannan tana zaune ne a ƙarƙashin bonet tana shaƙar duk abin da ke wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: idan gasket ɗin salansa ya ƙone ko ƙarfen ya tsage, hayaƙin da ke yoyo cikinta zai nufa. Wannan yoyon yana ɗauke da iskar carbon monoxide marar wari, wadda ke iya shiga inda fasinjoji suke.

Abin da ke tsananta ta a Kaduna

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Yawancin buɗaɗɗun matatu sun fi ta takarda barin irin wannan ƙura ta wuce. Waɗanda ake shafa wa mai kuma, idan an cika shi, sukan ɓata sensar da ke auna iskar da ke shiga inji.

Gajeruwar tafiya ma tana da hannu. Ma'aikacin da ke tasowa daga Barnawa ya tsallaka gada zuwa ofis cikin cunkoso, sau da yawa yakan kashe motar kafin baƙin man ya ɗauki zafin da zai kori danshi daga cikinsa.

Sai kuma ingancin mai. Tun 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade sinadarin salfa a man mota zuwa kashi 10 cikin miliyan, yayin da ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan a 2020. Motar da aka ƙera don mai marar salfa ta fi saurin toshewa idan ana ba ta gurɓatacce ko na bumburutu.

Yadda ake ganewa

Bayan inji ya huce, a cire bututun a shafa cikinsa da farin ƙyalle. Ɗan danshin mai kaɗan ba abin damuwa ba ne. Man da ya kwanta har yana zuba yana nuni ga bawul ɗin PCV, zobban fistin ko turbon kansa. Busasshen baƙi mai kama da na gindin tukunya hayaƙin salansa ne, sai a nemi inda yake yoyo. Idan aka ji gurus-gurus na jar ƙasa, matatar ba ta tacewa, ko kuwa wani maɗauri ya saki.

Sauran alamomin sun haɗa da rawar inji idan mota na tsaye, nauyin tashi, ƙaruwar shan mai, shuɗin hayaƙi a salansa da kunnuwar fitilar gargaɗi ta inji.

Magani da rigakafi

Matakin farko shi ne gyara tushen, sannan a wanke bututun da na'urar sanyaya iskar turbo a busar da su sarai. A motar dizal wannan ba abin wasa ba ne, domin man da ya taru a wurin yana iya sa inji ya yi ta gudu da kansa ko an zare makulli.

A injunan fetur masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, man ba ya bi ta kan bawulolin shigar iska, don haka magungunan da ake zubawa a tanki ba sa isa gare su. Sai an buɗe an kankare su, wanda a garejin zamani ake yi da niƙaƙƙen ɓawon 'ya'yan itacen walnut da iska mai ƙarfi. Sensar iska kuwa ba a wanke ta da fetur, tana da nata maganin feshi.

Masu mota su riƙa juye baƙin mai a kan kari da irin wanda littafin motar ya ambata, su duba matata akai-akai a lokacin hunturu, su kuma bar inji ya yi kamar minti ɗaya kafin a kashe shi bayan doguwar tafiya irin ta Abuja. Ga motar zuwa aiki da kasuwa, mayar da akwatin asali da matatar takarda mai kyau ya fi sayen sabon turbo sauƙi nesa ba kusa ba.