Daga karan maɗori zuwa ƙusar likita: karayar kwatangwalo a ƙasar Kabi da Gwandu

A 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa kamun kifin da ya haifar da bikin da duniya ta sani yau, duk wanda ya karye a ƙasar Kabi ko ta Gwandu zauren maɗori ake nufa da shi. Ɗori sana'ar gado ce. Maɗori zai laluba wurin da yatsunsa, a riƙe masa mai karayar, ya ja gaɓar ya daidaita, ya shafa man kaɗe ko man shanu, ya yi tofi, sannan ya naɗa karan da aka saƙa ya ɗaure da tsumma. Makiyayin da saniya ta harba a ƙwauri, da yaron da ya faɗo daga tsamiya, da masuncin da kwalekwale ya matse wa hannu, da yawansu sun warke sun koma aikinsu. Ban ga dalilin raina wannan ilimi ba.

Sai dai akwai karayar da ta fi ƙarfin kara tun asali. Tsohuwa ta fito da asuba riƙe da buta, santsin makewayi ya kwashe ta, ta faɗi ta gefe. Ba jini, ba kumburin kirki, amma ta kasa tashi. In an duba, ƙafar ta ɗan gajarce, tafin ya kwanta yana kallon waje. Wuyan ƙashin cinya ne ya karye, can cikin kwatangwalo, inda nama ya rufe shi ta kowane ɓangare, babu inda za a ɗora kara ya riƙe. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta wannan wuyan suke bi, in suka tsinke kan yakan mutu, ko an shekara ana jira ba zai haɗe ba. Abin da ya rage a wancan zamani shi ne shimfiɗa. Daga shimfiɗa sai gyambon baya, sai tari ya sauka a ƙirji, bayan 'yan watanni a yi jana'iza. Ba wanda ke danganta rasuwar da faɗuwar, tsufa ake cewa.

Turawa ma haka suka daɗe suna yi. A 1822 likitan Ingila Astley Cooper ya rubuta cewa karayar da ke cikin gaɓar kwatangwalo da wuya ta haɗe, kuma ƙashin tsoho yakan yi sirara. Hoton ƙashi bai samu ba sai 1895. A 1931 Smith-Petersen na birnin Boston ya fito da ƙusar ƙarfe mai fiffike uku da ake kafawa ta riƙe wuyan ƙashin, daga 1940 kuma Austin Moore ya fara cire kan da ya lalace yana sa na ƙarfe. Babban sauyin tunani, a ganina, ya zo ne daga Hastings ta Ingila a shekarun 1950 zuwa 1960, inda likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka haɗa aiki a kan manufa ɗaya: a yi tiyata da wuri domin tsoho ya miƙe da wuri. Sun lura cewa gadon ya fi karayar kisa.

Tambayar me ya sa faɗuwar da jika zai karkaɗe riga ya wuce take karya kakarsa, Fuller Albright ne ya amsa rabinta wajen 1940, da ya nuna cewa ƙashin mace yana saurin zaizayewa bayan ɗaukewar al'ada. Ƙashin yakan zama kamar azarar da gara ta ci, daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk rami. A 1987 aka sami ingantacciyar na'urar auna kaurin ƙashi, a 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin cutar zaizayewar ƙashi. Amma an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin ciwon Turawa. Wani bincike da aka buga a 1991 ya kwatanta Ibadan da Southampton ta Ingila, ya ga karayar kwatangwalo ba ta da yawa a Ibadan. Akwai gaskiya a ciki: mutanenmu suna noma da daka da ɗiban ruwa har tsufa, aikin ƙarfi yana gina ƙashi, kuma masu kaiwa shekara 80 ba su da yawa. Sai dai ƙidayar asibiti wanda ya zo asibiti kaɗai take gani. Tsohuwar da ke kwance a ɗakinta a wani ƙauyen fadama ba ta cikin littafin kowa.

Ɗaya rabin amsar, wato tsoka, shi ya fi makara, kuma shi ya fi shafar gidajenmu. Sai a 1989 Irwin Rosenberg na Amurka ya ja hankalin likitoci cewa zubewar naman jiki da ƙarfinsa a tsufa lalura ce mai zaman kanta. A 2007 aka kwantar da wasu tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 a gado, aka tarar sun yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Lafiyayyu ke nan, ina ga mai karaya da ke kwance wata uku tana shan kunu? A 2019 masanan Turai suka sauƙaƙa gwajin: in damƙar hannu ta gaza kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace, ko tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafawa ba ya wuce daƙiƙa 15, to ƙarfin tsoka ya yi ƙasa. Mu kam muna ganin alamun a tsakar gida. Baba ya fara dafa bango kafin ya tashi daga tabarma, ya koma salla a zaune, Inna ta kasa matse zanen da ta wanke. Cinya mai rauni ita ke kayar da mutum, ƙashi mai rami ya karye, kwanciya kuma ta cinye ɗan naman da ya rage.

A nan gida, asibitoci sun zo a hankali. Birnin Kebbi ta sami babban asibitinta mai ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Sir Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Asibitin ƙashi na Dala ya buɗe a Kano a 1959, tafiyar yini guda ga mai karaya. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 aka sami asibitin tarayya a Birnin Kebbi, sannan na Kalgo, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na ƙashi a Wamakko. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne. Nisa ya ragu ƙwarai, jinkiri ne bai ragu ba. Likitoci suna son a yi aikin cikin awa 48, domin ko a ƙasashe masu hali, a cikin duk mutum 10 da suka sami wannan karaya 2 zuwa 3 ba sa cika shekara. A wurinmu kwana biyun nan sukan ƙare a shawara: a jira babban ɗa ya iso daga Legas, a fara gwada ɗori, a nemi kuɗin ƙarfe da na jini, wani kuma ya tsorata dangi cewa asibiti yanke ƙafa ake yi.

Akwai kuma cutarwar da tausayi ke jawowa. “Kwanta ki huta, Inna, komai za a yi miki,” in ji 'ya'ya, alhali bayan tiyata so ake ta zauna a bakin gado ta taka ƙafa tun washegari, mai gashin ƙashi yana riƙe da ita. Abincin ma abin dubawa ne. A ƙasar da kifi da nono suka yi suna, tsohon da haƙoransa suka zube yakan ƙare da koko da tuwon shinkafa, saboda kifin ya tafi kasuwa. Ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙayarsu cikin miyar kuka, da wake, da ƙwai, da fura mai nono sosai, su ne abin da ƙashi da tsoka ke nema. Wani sabon abu da kakanninmu ba su sani ba shi ne ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake saye a kemis ba takardar likita. Irin su dexamethasone da prednisolone suna kwantar da ciwo nan take, amma in an daɗe ana sha suna cinye ƙashi da tsoka gaba ɗaya.

Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012, a 2018 kuma aka sa hannu a dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa. Abin da zan roƙa wa Kabi da Gwandu bai kai wannan girma ba. Maɗora har yau su ne ke fara ganin mai karaya, kuma mutane sun yarda da su. Sarakunan Gwandu da Argungu suna da ikon tara su tare da likitocin ƙashi a yi yarjejeniya a kan abu ɗaya: duk wanda ya haura 60 ya faɗi ya kasa tashi, ƙafarsa ta gajarce ta juya waje, kada a ja shi, kada a naɗa masa kara, a sa shi a mota ranar nan a kai shi inda za a ɗauki hoto.