Dorugu a Teburin Turawa

A shekarar 1855 ne Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya koma Turai tare da Dorugu, wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta a Barno. A Ingila yaron ya ba J. F. Schön labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Inda labarin ya fi armashi shi ne wajen cin abincin Turawa: yadda namiji kan riƙo mace zuwa tebur, da yadda ake ta sauya faranti. Barth ya shekara biyar yana nazarin baƙar fata. A nan kuwa Bature aka zuba wa ido. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.