Daga Majigi zuwa Wayar Hannu: Yadda Iyakar Kallon Yara Ta Sauya a Ƙasar Kano

A shekarar 1937 aka buɗe gidan siliman Rex a Kano, a wajen ganuwa. Mutanen birni sun yi wa abin laƙabi da “dodon bango”, kuma ɗan mutunci ba ya son a ga ƙeyarsa a ƙofar wurin. Da gobara ta tashi a siliman El Duniya ranar 13 ga Mayu, 1951, ta halaka mutum 331, da yawa sun ɗauke ta a matsayin ishara. Shi ya sa buɗe siliman Palace a cikin birni a 1952 ya gamu da turjiya. A wancan zamani tsare yaro daga kallo bai da wuya, domin kallo yana da mazauni, da ƙofa, da kuɗin shiga.

A karkarar arewacin Kano, irin ƙauyukan da ke gefen kogin Watari a yankin Bagwai, nisa ya ɗauke wa iyaye wannan aiki. Abin da ƙauye ya sani shi ne majigi: motar hukuma ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna tsafta da dabarun noma a gaban dagaci da dattawa, gari na wayewa ta ƙara gaba. Sauran kwanakin yaro kuwa a rabe suke tsakanin makarantar allo, gona, kiwo da aike, sai dandali da dare. Hatta tatsuniya tana da lokacinta. Akan tsorata yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata, hikimar kuwa ita ce kada nishaɗi ya ci lokacin aiki.

Sannu a hankali tazarar ta riƙa raguwa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa talabijin ta jiha, CTV, a farkon shekarun 1980. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, kasuwar fim ɗin Hausa ta kaset ta buɗe. Gidajen kallo masu janareta suka bazu har ƙauyuka. Duk da haka kallo bai rabu da wuri ba. Uba yana iya tura wa ya fito da ƙaninsa, kuma in man janareta ya ƙare taro ya watse.

Hukuma ma a kan wuri ta gina dokarta. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, domin sa ido a kan masu shirya fim da wuraren nuna shi. A wannan shekarar ce kuma wayar salula ta fara aiki a Najeriya. A 2007 wani bidiyon batsa da aka ɗauka da waya ya yaɗu a Kano daga hannu zuwa hannu. Aka dakatar da shirya fim na tsawon watanni, alhali bidiyon bai bi ta silima ko shagon kaset ba. Hukuncin ya faɗa a kan abin da ke da adireshi, wayar ta wuce abinta.

A yau matsalar ta fi sarƙaƙiya a gidan manomi. Wayar da ake son nesanta yaro da ita, da ita ake jin farashin shinkafa da tumatirin noman rani na madatsar Watari, da ita ɗan da ya tafi ci-rani yake turo kuɗi, kuma sau da yawa yaron ne ya iya sarrafa ta. Ko babu data, a shagon caji ana loda fina-finai a kan kuɗi kaɗan. Abin da ke salwanta shi ne barcin dare, da hadda, da natsuwa a aji.

Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018. Ostireliya ta zartar da dokar hana ’yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafofin sada zumunta a 2024. Irin wannan doka tana bukatar tabbatar da shekaru, abu mai wuya inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa kuma waya ɗaya ce ta gida duka.

Daga cikin tsofaffin iyakokin nan, ganuwa da nisa da kuɗin shiga duk sun faɗi. Wadda ta rage ita ce ta tatsuniya, wato iyakar lokaci: waya ta kwana a ɗakin iyaye, kada ta shiga makaranta, kallo ya kasance a tsakar gida inda ido yake. Tsohuwar dokar ta yi tasiri ne saboda gari duka ya yarda da ita, maƙwabci yana iya tsawatar wa ɗan maƙwabci, kuma manya ma ba sa tatsuniya da rana.