ƙara

ƙara (sn., mc., jam. ƙararraki) Kuka da mutum yake kai wa kotu don neman haƙƙinsa a wurin wani, kamar bashin da aka hana shi, ko rabon gado, ko iyakar gona. Ta bambanta da shari'ar laifi, inda hukuma ke gurfanar da mutum. A irin wannan ƙara abin da ake nema biya ne ko diyya ko mayar da kaya, ba ɗauri ba. *Ya kai ƙarar maƙwabcinsa kan katanga.*

mai ƙara: wanda ya shigar da ita, a kotun Musulunci, mudda'i. Nauyin kawo hujja da shaidu a wuyansa yake, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa, don gaskiyar da ba shaida ba ta cika tsayawa a gaban alƙali ba.

wanda ake ƙara: shi ake kai wa sammaci. Yana iya amsawa ko musantawa. A fiƙihun Malikiyya, in mai ƙara ya rasa shaidu, shi ake ba rantsuwa.

ɗaukaka ƙara: kai hukuncin gaba idan bai gamsar ba. A Najeriya tuƙewarta Kotun Ƙoli, Abuja.