Takobin kokowa: kwana goma da kiɗa ya riƙe tun 1975

 Duk shekara in sanyi ya shigo aka gama kimsa hatsi a rumbu, hirar gari ɗaya ce: wa zai ɗauki takobi? Mu ma a gidan radiyo wayarmu ba ta hutawa. Yau muna so mu koma baya kaɗan, domin akwai wasu mutane da wannan biki ya tsaya bisa kafaɗunsu, amma ba a cika ambatonsu ba.

Kokowa ta girmi takobi nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun yi ta a dandali bayan kaka, lokacin da ciki ya cika kuma aikin gona ya ƙare. Samarin wannan gari su ɗaura walki, su rataya layu da guraye, su tasar ma na wancan gari. Kuma ba a fita haka kawai. Sai ganga ta kira sunan mutum, ya miƙe, ya ɗaga hannu sama ya yi kirari, ya faɗi ko shi ɗan wane ne da waɗanda ya kayar. In babu makaɗi, ai babu taro.

Bayan da soja suka karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta nemi abin da zai haɗa ƴan ƙasa wuri guda. Ƙasa ta fito daga fari mai tsanani, ga nisa tsakanin gabas da yamma. Sai aka raya samariya, aka kuma ɗauko kokowa daga ƙauye aka mai da ta gasa ta ƙasa baki ɗaya. A 1975 aka yi zagayen farko a Tawa, kuma Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobi. A 1976 aka buɗe babban bikin matasa na ƙasa a Damagaram, inda ake gasar waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. Tunanin ɗaya ne: kowace jiha ta karɓi baƙuncin sauran, bi da bi.

A wancan lokaci jihohi bakwai ne, daga baya Tillaberi ta cika ta takwas. Yau kowace jiha tana kawo ƴan kokowa 10, ke nan 80 ke shiga fili, a yi wajen kwana goma ana gwabzawa. Wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kare jiharsa. Haka ake ta tacewa har a rage biyu. Wanda ya yi nasara a naɗa shi sarki, a ba shi takobi da doki da kuɗi. Ba kowace shekara aka samu yi ba: wanda aka yi a Agadas a ƙarshen 2023 shi ne karo na 44, kuma nan ne Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobinsa na shida.

To amma wanda ya taɓa kwana a garin da ake gasar ya san kokowar kanta ƴar mintoci ce. Sauran yinin na su wa ne? Na makaɗa da mawaƙa ne, kowace tawaga da nata. Na ƴan cali-cali ne, masu kwaikwayon faɗuwar ƙato su sa fili ya ɓarke da dariya daidai lokacin da zukata suka fara zafi. Na mata masu guɗa ne, da masu tuwo da masu tsire da ƴan kabu-kabu da ke samun na shekara. A nan ne Bazabarme ke jin kirarin Ba'adare, ɗan Diffa ya kwana gidan Bagobiri. Wasan barkwanci da muke taƙama da shi, a bakin filin nan ake ganin shi da ido.

Waɗanda suka girme mu suna ba mu labarin yadda ake zagaye akwatin radiyo guda a gindin bishiya ana sauraren Muryar Sahel. Ba su ga Kantu ko Salma Ɗan Rani ko Kadade ko Langa-Langa da ido ba, amma sun san su sarai, saboda mai sharhi ya zana su da baki, mawaƙa irin su Sogolo kuma suka dasa sunayensu a zuciya. Kafin a rubuta tarihin kokowa a takarda, a cikin waƙa aka ajiye shi.

Ga inda gizo ke saƙa. Filin Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso da na Salma, na Damagaram da na Langa-Langa, kuma sun cancanta. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wa ya san sunan wanda ya kaɗa ma Kantu ganga a Tawa? Yaranmu suna da faɗuwar kowane ɗan kokowa cikin waya, amma kaɗan ne za su iya kawo kirari guda daga farko zuwa ƙarshe. Tsofaffin makaɗa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kaset-kaset kuma na can cikin akwati, zafi da ƙura na cinye su.

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. In akwai tsohon makaɗin kokowa a garinku, ku je ku gaishe shi, ku nemi izini, ku ɗauki muryarsa: wa ya koya masa, wa ya yi ma kiɗa, mene ne taken kowane ƙato. Mai tsohon kaset kada ya jefar, ya nemi wanda zai juye shi. Ku turo muna abin da kuka samu tare da sunan mai shi da garinsa, mu sa a iska kowa ya ji.

Allah ya jiƙan magabata, ya kai mu takobi na gaba lafiya.