Gidan Birazil Na Birnin Ankara

A bakin teku, cikin tsohuwar unguwar birnin Ankara ta ƙasar Gana, akwai wani gida da ake kira Gidan Birazil. Ba girmansa ya sa muka ɗauko zancensa ba, sai don labarin mutanen da ake tunawa a cikinsa, gama labarin nan ya shafe mu.

Tun wajen 1804, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa, aka riƙa kora kamammu zuwa kudu, hannu ya miƙa wa hannu, har bakin ruwa. Daga can jiragen Turawa suka kwashe su sai Bahiya ta ƙasar Birazil, inda ake noman rake. Amma bauta ba ta raba su da salla ko karatun allo ba. A 1807 Hausawan Bahiya suka ƙulla shawarar tawaye, asirinsu ya tonu. A 1835 kuma, cikin watan azumi, Musulmin birnin Salbado, galibinsu Yarbawa, da Hausawa kaɗan, suka ta da babban bore. Aka ci su, aka kashe waɗansu, aka tsananta wa sauran, har da waɗanda suka riga suka fanshi kansu.

To, wannan matsi shi ya sa da yawa suka juyo Afirka. Waɗansu suka sauka Ikko, waɗansu Wida. A 1836 wani rukuni ya sauka Ankara, shugabansu Azuma Nelson. Nii Ankrah, mai unguwar Otublohum, ya karɓe su, ya ba su wurin zama. Da yake ba su jin harshen Ga, kome aka ce musu sai su amsa da gaisuwarsu ta Fotigis, "ta bom", watau "da kyau". Shi ke nan sunan Tabom ya bi su har jikoki.

Ba su zo hannu wofi ba. Sun zo da sana'ar ɗinki, da gini, da haƙar rijiya, da aikin lambu. Sannu a hankali suka yi auratayya da masu gari, suka bar Fotigis suka kama Ga. Shahararren ɗan damben Gana, Azuma Nelson, daga zuriyarsu ya fito.

Gidan nan ya tsufa ƙwarai. Shugaban Birazil, Lula, ya ziyarci jama'ar Tabom a 2005, aka gyara gidan, aka buɗe shi a 2007 don tunawa da kakanni.

Ya ku 'yan makaranta, tushiya mafarin dawa. Mutanen Tabom sun keɓe wa magabatansu gida guda. Mu fa, waɗanda daga garuruwanmu aka kori irin waɗannan bayin Allah, ina muka rubuta sunayensu? Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai, ku rubuta abin da suka gaya muku.